Taku Ɗari Biyu Zuwa Shago

Gida na huɗu ke nan da maigida ya kai Velichka a mako guda, kuma tun kafin dillali ya buɗe ƙofa ta gane wannan ne ya riga ya zaɓa. Sauran ukun rufa-ido ne kawai.

"Leƙa ta taga," in ji shi. "Ga shagonku can. Taku ɗari biyu, ba kwana, ba tsallaka titi."

Ga shagon ɗinkin kuwa, da koriyar ƙofarsa. Shekara talatin da ɗaya tana shiga bas biyu daga unguwar Trakiya zuwa tsakiyar Plovdiv, ko ruwa ko ƙanƙara, mijinta Kolyo bai taɓa ce mata sannu ba. Mutumin da ko tukunyar wake ba ya sauke mata, yau shi ne mai ƙirga mata taku? Ruwa ba ya tsami banza.

"Kolyo, yaushe ka fara tausayin ƙafata?"

Ya yi jim kafin ya amsa, kamar yadda yake yi kwanan nan duk lokacin da ta kira sunansa. "Bas ɗin nan na ba ki wahala."

Wannan kam gaskiya ne. Sau biyu a watan nan direba ya sauya hanya ba sanarwa, ya sauke ta can ƙarshen gari wajen masana'antu, har sai da 'yan sanda suka mayar da ita gida. Amma don direba ya yi shirme, sai mutum ya bar gidan da ya shuka inabi a barandarsa?

Suna tsaye aka ƙwanƙwasa. Wata mace ce daga gidan da ke kallon wannan, doguwa, ba ta wuce arba'in ba, riƙe da farantin banitsa mai zafi, gasasshen burodin nan mai cuku a ciki. Zornitsa, wai sunanta.

"Mama, sannu da zuwa. Kin ga ɗakin da rana ke shiga? Nan za mu sa miki keken ɗinki."

"Mama? Ni na haife ki?" in ji Velichka. "Kuma wa ya gaya miki ina da keke?"

Matar ta sunkuyar da kai. Amma da za ta fita, sai ta miƙa hannu ta cire wa maigida zare a wuyan riga, ko kallonsa ba ta yi ba. Mace ba ta yi wa baƙo haka. A nan Velichka ta gane akwai wani abu a tsakaninsu.

A bas ɗin komawa ta riƙa haɗa ɗaya da biyu. Ya daina shiga ɗakinta, a kujerar falo yake kwana. Furfurar nan duk ta ɓace, ko wane baƙin rini yake shafawa oho. Tumbin ma ya tafi. Ya daina kiranta Vela, sunan da shi kaɗai ke kiranta da shi, yanzu ma ba ya kiranta da kowane suna, sai dai "kin ci abinci?", "kin sha magani?"

Sai kuma takardar. Kowace safiya yana riga ta sauka, wai zai zubar da shara. Ta baranda ta hango shi a ƙofar bene, inda ake manna takardun tunawa da mamata, yana ɓamɓare guda ɗaya ya cusa a aljihu. Dabara kam ta yi: wa zai nemi wasiƙar soyayya a tsakanin matattu? Ranar Laraba har ta jiyo Ginka, yayar Kolyo da ke zaune a hawa na ƙasa, tana yi masa tas a matattakala.

"Ashe kai ne! Ba ka jin kunya? Cire, ni kuma gobe in sake mannawa!"

Wato har da dangi a cikin sha'anin. Ko a shago ma an sauya mata. Ita da ta yanka rigunan amaren rabin gari, yanzu maɓallai kawai ake ba ta, a riƙa lallaɓa ta kamar ƙwai. Kowa ya sani ke nan, sai ita.

Ta tsara yadda abin zai kasance. Za su ajiye ta a sabon gida ita da kekenta, shi kuma ya tsallaka taku uku zuwa ɗakin waccan. Sauƙin zuwa aiki! Sauƙin dai nasa ne.

Ranar Juma'a ne za su sa hannu a takardun gidan. Da safe ya dawo daga "zubar da shara", ya rataye kwat, ya shiga wanka. Velichka ta sa hannu a aljihun. Ta yi niyyar shimfiɗa takardar a kan teburin lauya, a gaban kowa, kowa ya ji kunyarsa. Amma ba ta iya jira ba.

Baƙin layi ne ya zagaye takardar, da ƙaramin gicciye a sama. Hoton kuwa Kolyo ne, da furfurarsa, da tumbinsa, da hular nan da ta sha cewa ya jefar. A ƙasa an rubuta: Shekara bakwai babu kai. Masu kewarka: matarka Velichka, yayarka Ginka, ɗanka Dobrin da matarsa Zornitsa.

Ruwan wanka ya tsaya. Mutumin ya fito da tawul a kafaɗa, ya ga abin da ke hannunta, ya durƙusa a gabanta kamar yadda yake yi tun yana ƙarami in ya yi laifi.

"Mama," in ji shi, "ni ne, Dobrin."