Yashin Bayan Gari

Kansila, ka zo neman shawara ko goro babu, wurin mutumin da manya ke aiko wa da mota. To zauna dai, tunda Allah ya yi ni da sanyin hali, ana cin amanata ina murmushi.

An yi wani ciyaman a wata ƙaramar hukuma da rairayi ke cinye gonakinta ta arewa. Wata ƙungiya ta ce za ta ba da kuɗin dashen itatuwa, amma sai ƙaramar hukuma ta fara ajiye nata kason. Ya leƙa asusu, ya tarar ko ɓera ya yi ƙaura. Ƙarin haraji kuwa ba ya taɓuwa, don zaɓe na tafe. Sai idonsa ya faɗa kan rafin bayan gari, wanda ya bi ta gindin maƙabarta, ga yashi fari tas kwance ba mai tambaya. Ya kira masu tifa ya yanka musu kuɗin kowane lodi. Kafin rani ya fita kaso ya cika, ƙungiya ta cika alkawari, darbejiya ta jeru tun daga tasha har bakin rairayi, kowace da shingenta na ƙaya. Farin yashi ya ƙare a tsakiyar rafi, masu shebur suka matsa gefe, suka shiga ƙwaƙular gindin gaɓa. Ciyaman ya ga lodin ya fara yin ja, ya kau da kai. Da ruwan farko ya sauka, gaɓa ta rufta, kuma ba wanda ya kai masa labari. Masu tifa suka ga ƙasa ta zubo musu a sauƙaƙe, suka yi ta lodi. A makon ne ya sa aka kawo masa tifa guda aka shafe sabon ɗakin baƙinsa.

Ranar Juma'a da hantsi ya tafi ziyarar kabarin mahaifinsa, wanda shi da hannunsa ya kafa wa bakin fasasshen tulu mai zanen igiya. Ya isa inda ya saba tsugunawa, ya tarar babu wurin. Layin kaburburan nan duka ya tafi. Itatuwan rufi sun leƙo daga jikin gaɓa kamar haƙarƙari, wani ƙyallen likkafani na kaɗawa alhali babu iska. Ya dawo gida, ya shiga sabon ɗaki ya jingina da bango, sai wani abu ya soke shi a gadon baya. Ya juya ya kankare da farce. Bakin tulu ne, da zanen igiyarsa. Tun daga ranar bangon ya ƙi bushewa a wuri ɗaya, danshi ya kwanta a jikinsa tsawon mutum, fuska ga alƙibla. Ya sa aka yi fenti, danshi ya huda fenti ya fito. Rushewa ta gagare shi, zama ma ya gagare shi. Yanzu kowace Juma'a a ƙofar ɗakin baƙinsa yake cire takalmi ya yi wa mahaifinsa sallama.

Darbejiyar kuwa tana nan kore shar, har baƙi na tsayawa ɗaukar hoto. Shi ya sa kafin ka sa hannu a takardar tallafin da ka zo da ita, Kansila, ka tambayi inda za a haƙo kason. Hausawa suka ce, garin neman gira aka rasa ido.