Buhun da Ya Lotsa

Katakon da Yaya yake tsaye a kai ya ce ƙas. Yana hawa na biyu yana yaɓe, ni ina ƙasa da baro.

"Auta! Ina zan faɗa?"

Na waiga. Rodi ko'ina a tsaitsaye, sai tarin buhuna a gindin bango. Na saman ya lotsa a tsakiya, gefensa ya kumbura, kamar matashin da aka ɗaga kai daga kansa yanzu.

"Kan buhuna, Yaya! Da laushi!"

Ya kalli lotsawar nan, har da ɗan murmushi. "To matsa, malalaci." Ya diro.

Ƙarar da na ji ba ta buhu ba ce.

Likita ta ce ba zai ƙara takawa ba. Mama tana ta sa mini albarka, wai ni na ceci ransa.

Na kasa gaya mata. Siminti ne. Makon jiya Yaya ya ce in lulluɓe shi da leda kafin hadari ya taso. Ban lulluɓe ba, sai na hau kai na zauna ina danna waya.

Ruwa ya mayar da shi dutse, da gurbin zamana a kai.