Inuwar da Babu Mai Ita

Mutari mai gadin lakwal ne, wato makarantar boko, a Malbaza, kuma duk garin an san shi da abu biyu: dashen itace da barcin rana. Tun da sauran ƙarfinsa ya jera dogon yaro a bayan katangar lakwal, yana yi musu ban ruwa da tulu duk rani. Da suka girma sai ya samu abin da yake so. Ana sallame azahar zai shimfiɗa tabarma a gindin katanga, ya zuba wa ganye ido suna kaɗawa, ya lula wata duniya. A can yakan ga ya tsufa ya bar aiki, jikoki sun kewaye shi, iska tana kawo masa muryar 'yan lakwal daga nesa. Mai karatu, kada ka yi masa dariya, iyakar burinsa ke nan.

Ana nan sai direbobin manyan motoci masu jiran lodin siminti suka gano inuwar. Kafin a ankara bakin lakwal ya koma tasha. Wurin kuwa gangare ne, yawancin motocin kuma birkinsu sai addu'a. Saboda haka duk wanda ya tsaya sai ya cusa dutse a bayan taya, ya shige gari neman abinci.

Mutari bai hango wani hatsari ba. Hayaƙi ne dai yake ɓata masa mafarki, shi ya sa ya je wurin darakta Seyni, shugaban lakwal, wanda ake kira Mushe, wato malam.

"Mushe, motocin ga sun cinye muna inuwa. A sama musu wani wuri mana."

"Mutari, iyakata katanga," in ji darakta. "Abin da ke waje na gari ne. Tafi wurin maigari."

Maigari Labo ya saurare shi yana shafa gemu. "Wa ya dasa iccen? Ba kai ba? To kai na lakwal ne. In mushe na da magana, shi taho shi iske ni."

Darakta ya ce shi ma'aikacin gwamnati ne, ba ya tashi sai an kira shi. Maigari ya ce baƙo ke zuwa gaida ɗan gari. Ga fili fetal a bayan kasuwa, babu mai amfani da shi sai awaki, amma aka rasa wanda zai fara yi wa wani sallama. Damina ta zo ta wuce a haka.

Wata rana Tsahara ta iso daga Tajaye. Mijinta ya tafi cirani, ta zo gwada suyar ƙosai a bakin lakwal. Ta samu duwatsun murhu biyu, ta rasa na uku. Can ta hango wani mai kyau a maƙale a bayan tayar mota. A ƙauyensu dutsen da ke yashe a ƙasa na mai bukata ne, ita kuma ba ta taɓa zama kusa da motoci ba. Ta ja, ya ƙi. Ta sa faskare ta yi ta bugunsa har ya fita.

Motar ta fara silalowa da baya a hankali, babu ƙarar inji. Mutari yana kwance. Cikin barci ya ji inuwa ta ƙara kauri, sanyi ya lulluɓe shi, har ya yi murmushi. Ihun Tsahara bai kai gare shi da wuri ba.

Ya rayu, amma a asibiti aka yanke masa ƙafafu duka biyun. Tsahara ta koma Tajaye tana kuka, ko kaskonta ba ta tsaya ɗauka ba.

A bakin gadonsa darakta da maigari suka haɗu, suka zauna a benci ɗaya, kowa kansa a ƙasa. Kafin su tashi sun gama magana: motoci su koma bayan kasuwa, gari ya share filin, lakwal ta kafa turaku a bakin katanga. Mutari ya dube su ya daɗe, hawaye na bin kuncinsa.

"Ashe kun san juna," ya ce.

Jama'a, inda makaranta da gari suka haɗa iyaka, tsaron wurin yana wuyansu duka. Ku zauna ku tsara wurin ajiye motoci tun kowa yana tafiya da ƙafarsa, don girman kan manya a jikin talaka yake ƙarewa.