Jirgi Mai Launin Maɗaci

Tunda kana shawarar sayen jirgi, zauna ka ji abin da ya sami wani masunci a bakin kogin Kwara. Kwale-kwalensa gadon mahaifinsa ne, sassaƙen maɗaci guda, ja wur. A cikinsa ya koyi riƙon filafili, a cikinsa aka ɗauko masa amarya daga ƙetare, har gurbin da diddigen tsohon ya ci a gindin jirgin yana nan. Da shekaru suka ja, itacen ya fara shan ruwa. Ya toshe da tsumma, ya liƙe da kwalta, har ta kai rabin yini yana kamun kifi, rabi yana kwarfar ruwa. Ya je wurin masassaƙa, suka ce maɗaci mai wannan kauri ya ƙare a dajin nan, sai dai ya nemi na roba kamar kowa.

A kasuwa dillali ya nuna masa iri biyu. Ɗaya ruwan toka ne, mummuna, mai kauri da nauyi, in ka danna shi da gwiwa ya lotsa ya dawo. Ɗayan mara kauri ne mai sheƙi, an shafe shi da jan fenti, har da zanen jikin itace. Dillalin ya ce, "Baba, mai tokar nan shi ke jure rana da dutse." Amma idon masuncin ya riga ya kawo ƙwalla, don da ya dubi jan sai ya ga kamar tsohonsa na zaune a ciki yana gyaran taru. Shi ya saya. Damina guda ya ji daɗinsa, tsofaffin gari na ɗaga masa hannu suna yi wa mahaifinsa addu'a. Da rani ya shigo, rana ta gasa robar ta bushe kamar ƙwarya, ruwa kuma ya janye, duwatsu suka ɗago kai. Wata safiya ya gogi wani dutse da jirgin maɗacin ya sha goga ba tare da ya nuna ba, sai na robar ya dare gida biyu. Taru da kifi suka bi ruwa, shi kuwa da ƙyar ya kai gaɓa da iyo. Ya daɗe zaune a kan yashi yana kallon jajayen ɓangarorin suna tafiya, sannan ya tashi ya nufi gida a ƙasa.

Shi ya sa Hausawa suka ce: kama da wane ba wane ba ne.