Bijimin Da Ya Kwanta A Mota

Tunda na ga ƙafarka ba ta zama gida, kuma kana cikin masu cewa sai an dawo a huta, bari in ba ka misalin wani mai rakiyar shanu. Sana'arsa ke nan: in fatake sun loda shanu a babbar mota za a kai Kurmi, can kudu, shi ke hawa sama ya zauna bisa katakon da aka gitta a kan bodi yana duban dabbobi. Aikin ba na rago ba ne. Saniya in ta gaji ta kwanta cikin wannan matsi, 'yan'uwanta za su tattake ta har ta mutu, don haka da ya ga ɗaya ta durƙusa sai ya dira tsakanin ƙahonni, ya kama wutsiya, ya sa kafaɗa ya tashe ta. Ba shi da gona, ba shi da rumfa a kasuwa, jarinsa duka ƙarfin damtsensa ne, shi ya sa yake tattalin jikinsa. Ba ya hawa mota sai ya ci tuwo mai zafi. Duk inda aka tsaya ya sauko ya miƙe ƙafa, ya cika gorarsa da ruwa mai kyau, ya yi salla, in da hali ya ɗan runtsa a inuwar mota. Da yamma ya shafa man shanu a gwiwa, ya naɗe ƙirji da mayafi saboda iska. Abokan aikinsa har zolayarsa suke yi, wai yana lallaɓa jiki kamar mai jego, shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da damun furarsa.

Ana nan sai wani falke ya ɗauke shi rakiya, mutum mai gaggawar tsiya, ya ji labarin shanu sun yi tsada a Kurmi yana so ya riga kowa isa. Kafin a tashi ya sa aka shayar da shanunsa, aka ba su dusa da kanwa, aka kira mai allurar dabbobi ya duba su, musamman wani farin bijimi mai tozo wanda shi ne idon garken. Amma ɗan Adam ɗin da zai tsare su, ko sannu bai samu ba. Da mai rakiya ya roƙi a ɗan jira shi ya sa wani abu a cikinsa, falke ya ce ƙoshi ke kawo barci, shi kuwa ba mai barci ya ɗauka ba. Ya miƙa masa goro da kwalbar baƙin shayi, ya shige gaban mota kusa da direba ya ja ƙofa. Wannan rashin imani da me ya yi kama? Shi ma mai rakiyar ban wanke shi ba. Haushi ya kama shi, amma kara ta hana shi magana, ga tsoron kada a ce ya cika ƙorafi a daina kiransa aiki. Ya haɗiye, ya hau.

Mota ta yi ta gudu, ana wuce masu abinci, ana wuce rijiyoyi. In an tsaya shan mai, kafin ya sauko falke ya fara tafa hannu a tafi, alhali shi falken ta taga ake miƙo masa tsire da ruwan sanyi, ƙamshin yana tashi har sama. Gorar mai rakiya ta ƙafe, rana ta dafa masa kai, goro ya busar masa da baki, shayin ya hana idonsa rufuwa amma bai ƙara masa komai a damtse ba. Washegari da rana tsaka, a wani gangare mai ramuka, farin bijimin ya zame ya kwanta. Mai rakiya ya dira yadda ya saba, ya kama wutsiya, ya sa kafaɗa, ya yunƙura. Bijimi ko motsi. Ya sake yunƙurawa, sai ya ga duhu-duhu. Abin da ya sha yi yana waƙa yau ya gagare shi, yana ji yana gani kofatai na sauka a wuyan dabbar, har ɗaya ya same shi a haƙarƙari. Da ƙyar ya ja jiki ya bubbuga bodin mota. Kafin direba ya ji, kafin a tsaya, kafin a zaro wuƙa a yanka ko nama a tsira da shi, bijimi ya riga ya zama mushe.

Falke ya hau ya leƙa, ya ɗora hannu a ka yana salati. Ga mutum yashe a gefe riƙe da haƙarƙari, leɓɓansa sun tsattsage, amma bai ko dube shi ba sai da zai yi faɗa.

"To ina ƙarfin da aka yi ta yaba maka?"

Mai rakiya ya ɗago kai da ƙyar ya ce, "Alhaji, ƙarfi a ciki yake kwana, ni kuwa tun jiya ba kowa a nawa."

Aka ja bijimin aka yar a bakin hanya, ungulaye suka samu rabo. Mai rakiya aka sauke shi gidan wani mai ɗori, a ƙauyen da bai san kowa ba, kuma tun daga ranar kafaɗarsa ba ta sake tashin ko maraƙi ba. Kai da ke shirin ɗaukar jaka gobe, kada kara ko gaggawar wani ta sa ka hau hanya da cikinka wayam. Hausawa sun riga sun gama magana: sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.