Darasin da Aka Ji da Hausa

Shekarar da aka maƙala wa kowa tafinta a kunne, 'yar na'ura kamar ƙwayar wake mai mayar da kowane harshe Hausa, a ita aka kafa doka cewa malamin Turanci ba zai ƙara shiga aji ba sai da Babbar Shaidar Ƙwarewa.

Malama Kande ta shekara talatin da ɗaya tana koyarwa a Funtuwa. Darasi ɗaya ya rage mata a gaban mai duba ta samu shaidar, in ta faɗi kuwa, ranar Litinin ba ta da aji. Ta yi minti arba'in cif tana zuba Turanci zalla, ɗalibai sai gyaɗa kai suke yi.

Mai dubawar, Zuwaira, tsohuwar ɗalibarta ce. Ta rufe fayil, kanta a sunkuye.

"Mama, ki yi haƙuri. Darasi ya yi kyau, amma da Hausa kika yi shi."

"Wace Hausa? Ke Zuwaira, ko 'to' ban ce ba!"

"Wallahi da kunnena na ji, Mama."

"Cire abin nan na kunnenki in sake."

"An hana mu cirewa. In na cire ma, da me zan duba ki?"

Malama Kande ta juya neman mai shaida. Ta ga ɗigon koren haske a kunnen kowace yarinya. Ita duk zatonta a bakin ƙofa ake kashe tafintocin.

"Ku kuma me kuka ji?"

Wata a layin gaba ta ɗaga hannu. "Hausa mana, Malama. Ai kullum da ita kike koya mana. Shi ya sa muke son ajinki."