Laujen Baba a Lambun Gusau

Ina da shekara takwas ranar da Baba ya zo da ni Gusau daga Wonaka. Tsakiyar rani ne, tunkiyarmu ta haihu, daji kuma babu ko tsinken ciyawa. Da la'asar muka bi ta wani lambun shaƙatawa, sai ga ciyawa kore shar, ana ta ba ta ruwa, babu dabbar da ke ci. Baba ya ciro laujensa daga buhu, ya durƙusa yana yanka, ni ina tarawa. Har yau ƙamshin ɗanyar ciyawar nan bai bar hancina ba.

Ba mu ga zuwan mai gadi ba. Ya naɗe tiyon ban ruwa ya zabga wa Baba a gadon baya.

"Baƙauyen banza! Wannan ta kallo ce, ba ta ci ba!"

Ya sake zabgawa, ƙarfen bakin tiyon ya fasa wa Baba goshi, jini ya fantsamo kan ciyawar da na runguma.

Baba ya miƙe, laujen na hannunsa. Ya fi mutumin tsawo, ya fi shi ƙarfi. Sai ya juyo ya miƙo min laujen ta ƙota.

"Amshi, ɗiyata. Yi nisa da shi."

Na ruga bakin ƙofa ina jiyo saukar dukan. Na daɗe ina jin haushin Baba, a ganina tsoro ya ji. Sai da na girma na gane, ba lauje kawai ba ne, ran mai gadin nan Baba ya ba ni in gudu da shi.